Shekarar Da Na Koma Gaban Doki

Ban iya rubutu ba, kun sani. Ina faɗa ne, limamin unguwarmu yana sawa a takarda, na kuma ce masa kada ya ƙawata mini magana. Yau shekarar naɗin kawunku Malam Habu zan faɗa. A kanta aka fi yi mini ƙarya, a kanta kuma na fi yin shiru. Waɗanda shirun yake karewa duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ku zauna ku ji.

An kamo ni ina ƙarami, ban san sunan garin da aka haife ni ba. A Kazaure na yi wayo, a gidan wani mai sarauta, shi ya sa mini suna Barka. Da ƙafata ta yi ƙwari aka sa ni zagi. Zagi shi ne mai tafiya a ƙasa gaban dokin ubangidansa, bargo a ninke a kafaɗa, sanda a hannu. In doki ya yi tafiya ka yi tafiya, in ya yi sassarfa ka yi gudu. Kai ke kau da ƙaya, kai ke riƙe likkafa in za a hau, kai ke shimfiɗa bargo in za a sauka. Ba mai tambayarka ko ka gaji. Na yi wannan har gemu ya cika mini fuska, tafin ƙafata ya zama kamar ƙirgi. Ubangidana ba mugu ba ne. Ya bar wasiyya in ya mutu na zama ɗa, aka kuma cika. Ran da alƙali ya faɗa mini, na ajiye bargon a ƙofar barga, na rantse da Allah a gaban abokan bautata cewa ba zan ƙara tafiya gaban dokin wani ɗan Adam ba.

Abu ɗaya na fita da shi daga gidan nan, shi ne abin da na gani ina ƙasa. Doki yana kallon wanda ke gabansa fiye da yadda yake sauraron wanda ke bayansa. Da wannan na ci abinci. Na zo garin nan namu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, na kafa turke, aka fara kawo mini duƙushi daga kasuwar Babura, wani bai taɓa jin igiya a wuyansa ba. Sauran masu horo hawa suke fara yi, su sa linzami, su sa ƙaimi, su yi ta faɗa da dabba har ɗaya ya gaji. Ni ba na hawa. Ragama kawai nake sa masa, mu yi ta tafiya ni da shi, safe da yamma. In na tsaya ya tsaya. In na juya ya juya. In ya wuce kafaɗata na mayar da shi baya. Sai ran da na saki igiyar ƙasa ya bi ni haka nan, sannan na ɗora masa sirdi. Mai son taƙama in yi masa tarnaƙi, in haɗa ƙafar gaba da ta baya ta gefe ɗaya da igiya mai laushi, har tafiyar ta zauna masa, mutum ya hau da ƙwaryar nono bai zubar ba. Da farko dariya ake yi mini, ana cewa Barka tsoron hawa yake. Da dawakina suka fara fita, dariyar ta ƙare. Manya suka fara turo mini 'ya'yansu in koya musu zama a sirdi. Ina yi musu tsawa, suna cewa to, Baba. Ni da ba a taɓa kiran sunana ba sai in za a aike ni.

Wurin da na kafa turken na Malam Habu ne, bayan gidansa. Ɗan dagacin garin ne, amma ba ruwansa da fada. Karatunsa yake, da ɗan fataucin kanwa a kan jaki. Shi ya ba ni wurin, shi kuma ya tsaya har aka ba ni ƙanwarsa Dije, uwarku, bayan ita da kanta ta ce tana so. Dangi suka taru suka ce ba a ba mutumin da ba a san ubansa ba. Ya ce da su:

"Ubansa ban gani ba, sallarsa na gani. Ta ishe ni."

Ku riƙe wannan maganar, domin ba za ku gane sauran ba sai da ita.

Shekarar da nake faɗa, tsohon dagaci, kakanku, ya rasu bayan kaka. Mutum biyu aka sa a baki: Malam Habu, da ɗan baffansa Sambo. Sambo ni na koya masa hawa tun yana yaro, kuma ban taɓa fitar da mahayi kamarsa ba. Amma hannunsa da zafi. In an aike shi tara haraji, sai an kwana biyu ana gasa wa wani baya. Dattawa suka ce Malam suke so, hakimi ya kai sunansa Kazaure, aka sa ranar naɗi da bazara. To a ƙasarmu akwai al'ada. Garinmu Sarki da kansa yake naɗa dagacinsa, ya ba shi riga da rawani da doki. A kan wannan dokin sabon dagaci zai taso daga Kazaure ya shiga garinsa. Ba a musanya shi, ba a jan shi a hau wani. In ya faɗi a hanya, mutane su ce sarautar ta ƙi shi. An taɓa yi a wani gari kusa da mu. Mutumin bai ƙara faɗa an ji ba, har aka sauke shi aka ba wanda suka yi takara.

Wata la'asar ina ba dawaki harawa Malam ya zo ya tsaya nesa da turke, kamar yadda ya saba.

"Barka, ban taɓa hawa doki ba."

"Na sani, Malam. Jaki kake hawa."

"Ba rashin samu ba ne. Tsoro nake ji."

Na ajiye harawar na dube shi. Ya ce yana ƙarami wansa ya hau dokin babansu, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, dokin ya ja shi a kan duwatsu yana kallo. Tun daga nan ko warin doki ya ji sai ya kauce. Shekaru yana kwana da turkena a bayan ɗakinsa, ban taɓa lura ba ya matsowa ba.

"Ko in ce musu su ba Sambo?"

"In ka ba Sambo, wa zai kwana da fatar bayansa a garin nan? Ka zo gobe bayan asuba. Bayan dutse, cikin busasshen rafi. Kada ka faɗa wa kowa."

Ina da wata tsohuwar goɗiya da ko wuta aka kunna a gindinta sai ta gama tauna abin da ke bakinta. Ita na kai. Ran farko bai hau ba, hannu kawai ya ɗora a wuyanta, zufa tana zuba daga gemunsa. Da ya fara hawa, duk abin da ya haddace sai da ya karanto shi da ƙarfi.

Na ce, "Malam, goɗiyar nan ta girmi Dije. Ba inda za ta."

Ya ce, "Kai ka sani, ita ta sani?"

Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, wannan kam na yaba masa. Ya koyi zama. Ya koyi miƙe baya, ya koyi sa tsinin ƙafa kawai a likkafa. Abin da ya ƙi koyuwa shi ne hannu. Kun san linzaminmu. Zoben ƙarfe ne ya zagaye haɓar doki, da harshen ƙarfe a cikin baki. In ka taɓa kamazuru, igiyar linzamin, da ɗan yatsa, doki ya tsaya. In ka ja da ƙarfi ya miƙe sama. In ka ci gaba da ja ya faɗo da baya, a kanka. Mai tsoro kuwa abin da ke hannunsa yake ja. Goɗiya ta yi atishawa, Malam ya ja. Gauraka ta tashi daga kan dutse, Malam ya ja. Na yi tsawa, na yi lallashi, na ba shi zaren kaɗi ya riƙe maimakon kamazuru, ya tsinka shi tun kafin mu kai kwanar rafin. Goɗiyar tana yafe masa domin bakinta ya mutu tuntuni. Dokin Sarki ba zai yafe ba. Ana koya wa mutum zama kafin wata ya mutu. Hannu shekaru yake ci. Ranar naɗi kuwa ta matso.

Dabarar ta zo mini ina gyaran sirdi, kuma da ta zo na so a ce ba ta zo ba. In na ɗaure kamazurun a goshin sirdi, na bar shi sako-sako daga nan zuwa bakin doki, ragowar kuma na ba Malam, duk jan da zai yi itacen sirdi yake ja. Babbar riga za ta rufe ƙullin. Amma dokin da ba mai riƙe bakinsa daga sama, sai an riƙe shi daga ƙasa. Siririyar ragama a ƙarƙashin linzami, da gajeriyar igiya a ɓoye cikin wani abu. Mutum ɗaya ne yake tafiya dab da kan dokin mai sarauta ba a tambayi dalili ba, kuma shi ne mai abin ɓoye igiya a kafaɗarsa. Na duba garin kaf ban ga wanda zai iya tafiyar da baƙon doki da kafaɗa ba sai ni.

Uwarku na fara faɗa wa. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ji har ƙarshe, ba ta daina tankaɗen ba.

"Ka rantse."

"Na rantse."

"Yayana ne, amma ni ban roƙe ka ba. Ka ji? Kada gobe ka ce don ni ka yi."

"Ban ce ba."

"Kai yini ɗaya za ka yi. Yaran nan su za su ɗauki sunan har su tsufa. Da kyar mutanen garin nan suka manta inda ka fito, yanzu kai da kanka za ka tuna musu."

"In bai shiga garin nan a kan doki ba, Sambo ne."

Ta kife rariyar, ta shiga ɗaki, ta fito da bargon da aka kawo ta da shi, ta ninke shi a tsaye yadda zagage ke yi. Ban san inda ta koya ba. Ta ɗora a kan turmi, ba ta miƙo mini ba.

"In za ka yi, kada ka je da tsumma."

Malam ya fi ta gardama. Ya ce ba zai hau sarauta a kan rantsuwar wani ba. Na ce shi malami ne, ya faɗa mini hukuncin wanda ya karya rantsuwa. Ya ce kaffara. Na ce na ji, zan yi azumin.

"Barka, kai ma ka san ba azumin ne abin ba."

"Na sani. Ka bar mini wannan. Kai ka riƙe abin da na ba ka, ka ja iya ƙarfinka, ka kalli tsakanin kunnuwan doki. Kada ka kalle ni. Mai sarauta ba ya kallon zaginsa."

Mun isa Kazaure ana gobe naɗi. Na wuce barga in ga dokin. Mai kula da shi Nasamu ne, wanda muka yi bauta gida ɗaya, yana cikin waɗanda na yi rantsuwar a gabansu. Ya tsufa, bakinsa bai tsufa ba. Ya nuna mini wani akawal, baƙi wuluk, matashi, yana haƙar ƙasa a turke. Ya ce Sarki da kansa ya zaɓa don ya girmama Malam. Na ce Allah ya ƙara wa Sarki nasara. A raina na ce da an rage girmamawar.

Horo ba ya yiwuwa a yini ɗaya. Sabo na nema. Na tuɓe rigata na goga masa a hanci, na ba shi kanwa a tafin hannu ya lasa, na kwance shi muka fara zagaya filin. Ya so ya wuce ni, na juyo na mayar da shi baya. Ya so ya cije ni, na bar shi ya ci karo da gwiwar hannuna. Muka yi ta yi rana tana dukanmu. Wajen magariba na tsaya ban taɓa igiya ba, ya tsaya, hancinsa daidai kafaɗata. Na ce da Nasamu kada a ba shi gero yau da gobe, harawa kawai, da safe kuma a bar shi ya sha ruwa har ya ƙoshi. Nasamu yana zaune a kan turmin dusa yana kallo tun farko.

"Wannan ba horon hawa kake masa ba."

Na mayar da dokin turke.

Da safe, bayan an yi naɗi, aka fito da dokin. Ni na ɗaura sirdi, na yi ƙullin na rufe. Sannan na ɗauki bargon na saɓa. Nauyinsa ya faɗa daidai inda ya saba faɗawa. Nasamu ya tafa hannu.

"Jama'a, wa nake gani? Barka ɗa! Barka mai rantsuwa! Sanyi kake ji da bazara?"

'Yan barga suka fashe da dariya. Nasamu ya matso kamar zai gyara mini bargon, ya ga bakin igiyar, ya tura ta ciki da yatsa. Ya ce a hankali, "Dokin yana tsoron farin abu a hagunsa." Sannan ya ɗaga murya, "A gaida gida, ɗan uwa! Wurinka na nan in ka dawo!"

Na riƙe likkafa, Malam ya hau. Muka kama hanya. Tsakanin Kazaure da garinmu duwatsu ne da tsakuwa, ƙafata kuma ta manta, shekaru tana cikin takalmi. Kafin rana ta take tsaka ta fashe. Ban damu da ita ba. Hankalina yana kan kunnen dokin da numfashinsa a wuyana. Ina jin sirdi yana ƙara duk lokacin da Malam ya ja, dokin kuwa bai san ana yi ba. Masu rakiya suna baya suna hira, suna cewa ashe Malam gwani ne ya ɓoye.

A tsamiyar bakin gari jama'a suka tarye mu. Sambo yana cikinsu a kan dokinsa, wanda ni na hora. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ya jero da mu. Na ga idonsa ya sauka a kan kamazurun. Ya ga hannun Malam a ɗaure kamar mai jan guga, ya ga igiyar tana lilo a wuyan doki. Kowa zai iya kallo bai gani ba, ban da wanda na koya wa.

"Baba, kamazurun Malam ya saki. In gyara masa?"

"Wa ya koya maka hawa?"

"Kai."

"To ja baya. Kana matse mini doki."

Ya dube ni, ya dubi bargon, ya dubi jinin da ƙafata ke bari a ƙasa. Kalma ɗaya zai faɗa garin ya zama nasa. Na ga tana yawo a bakinsa. Sai ya ja dokinsa baya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Zagi! A lura da dutse, zagi!"

Mutane suka yi dariya. Wasu a nan ne suka fara lura ko wane ne ke ƙarƙashin bargon. Maganar kamazuru kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba har ya mutu. Ya ɗauki fansarsa a kaina, ya bar ɗan baffansa. Ban riƙe shi ba.

A ƙofar gari mata suka rangaɗa guɗa, dokin ya jure. Wata tsohuwa ta ɗaga farin zane a hagu, na sa jikina a tsakani, ya jure. Sai wani maharbi, don murna, ya saki bindiga dab da mu. Dokin ya tashi sama. Na riga na naɗe igiyar a yatsun hagu, ta ɗaga ni har ƙafata ta bar ƙasa. Na ji yatsun sun tafi. Gwiwarsa ta same ni a ƙirji. Ban saki ba. Na sake masa nauyina duka, na sa bakina kusa da hancinsa ina yi masa irin sautin da na yi masa jiya a fili. Ta gefen ido na ga Malam ya kwanta baya yana ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Da jan nan ya kai bakin doki, da a ƙofar gari za a yi wa Malam wankan gawa. Dokin ya sauko, ya yi rawa a wuri ɗaya, ya nemi kafaɗata, ya samu, ya tsaya. Jama'a suka ɗauka Malam ne ya tayar da shi don gaisuwa. Makaɗa suka ƙara wuta, mata suka ƙara guɗa.

A ƙofar gidan kakanku na shimfiɗa bargo, na riƙe likkafa da dama. Malam ya sunkuyo, fuskarsa kamar toka.

"Hannunka."

"Sauka, Malam. Ana kallo."

Ya sauka a kan ƙafafunsa. Dagaci ne.

Yatsun nan biyu da kuke gani a karkace na ranar ne. Ba dokin fatake ne ya take ni ba, kamar yadda na ce muku. Na yi azumin kaffara. Kafin damina ta sauka manya suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya zo ya faɗa mini dalili, amma na sani. Ɗan mai sarauta ba ya tsayawa zagi yana yi masa tsawa. Dawakin fataken Babura ba su daina zuwa ba, su ba ruwansu da sunana in dai doki ya fita da kyau, da su na ciyar da ku. A gari aka ce Barka ya ga surukinsa ya samu, ya koma gidan jiya don a riƙa ba shi tuwon fada. Aka ce wanda ya saba da bauta ba ya iya zama ɗa. Kai Iro, ka dawo daga rijiya da fasasshen leɓe a kan wannan maganar, ka tambaye ni ko gaskiya ce, na ce ka je ka wanke bakinka. Ka yi wata ba ka ci abinci tare da ni ba. Ban ga laifinka ba. In na faɗa maka, na faɗa wa gari.

Kuma ba yini ɗaya ba ne, uwarku ta yi kuskure a nan. Duk lokacin da dagaci zai je Roni gaida hakimi, ko Kazaure, sai an hau. Duk hawa kuwa ina gaba. Malam ya zo mini ya ce zai tara dattawa ya faɗi gaskiya, ba zai iya jin abin da ake faɗa a kaina ba.

"In ka faɗa, yatsuna sun karye a banza."

"To me zan yi maka?"

"Ka dawo bayan dutse."

Ya dawo. Dagaci guda, da rawaninsa a ninke a hammata, bayan asuba, cikin busasshen rafi. Goɗiyar ta mutu, muka koma kan 'yarta. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, na daina lissafi. Garin ya zauna lafiya a hannunsa, ba a taɓa ɗaure mutum a kan haraji ba, wannan ku ma kun gani. Zaren kaɗi muka yi ta yi da shi. Ya tsinka abin da zai saƙa riga. Wata rana muka je muka dawo zaren yana nan.

Gemunsa ya riga ya yi fari ran da abin ya zo. Za a je Roni. Na ɗaura wa akawal sirdi, shi ma ya fara furfura a hanci, na yi ƙullin, na juya zan ɗauki bargo. Malam ya dafa hannuna.

"Zauna, Barka."

Ya sa yatsunsa ya kwance ƙullin da kansa, ya zare siririyar ragamar ya miƙo mini. Bai bari na riƙe masa likkafa ba. Ya hau da kyar, yana nishi. Na zauna a dakalin ƙofar gida ina kallo. Zamansa ba kyau. Bayansa ya ɗan rankwafa, ƙafar hagu ta fita waje kamar kullum. Da yaron da nake koya wa ne da ya sha tsawa. Suna kaiwa bakin kasuwa wani kare ya fito da gudu ta ƙarƙashin dokin. Dokin ya zabura gefe. Na miƙe tsaye ban sani ba. Malam bai ja ba. Ya saki hannu, ya bar dokin ya gama tsoronsa, sannan ya taɓa kamazurun da ɗan yatsa. Suka wuce.

Na fitar da mahaya da yawa a ƙasar nan, wasunsu in suna kan doki sai ka bar abin da kake yi ka kalla. Su da ƙarfin zuciyarsu suka zo mini, gyara kawai na yi. Wannan ba abin da ya zo da shi sai tsoro. Hannun da na gani a bakin kasuwa ran nan, ni na yi shi tun daga farko.